Kastalon Hanyar Kurfi

Ku da kuke zama gindin bedi kuna cewa gini ba komai ba ne, a kwaɓa a liƙa, to ga labarin liƙi. Ni Idi Magini na rubuta shi da hannuna, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa. Malamin makarantar garinmu ne ya dame ni, wai in rubuta abin da na sani game da tudun nan na hanyar Kurfi da direbobi ke kira Kastalo. Na ce me zai yi da shi, ya ce tarihi. Ban yarda da shi duka ba. Ban taɓa ganin wanda ya zo neman tarihi ya koma hannu wofi ba. Amma na gaji da jin ƙarya a kan wurin, gara a ji daga bakina.

Na fara sana'a a hannun Baba Sallau na Makera, ƙanin mahaifina. Shekara biyu ban taɓa bango ba, ƙasa nake takawa. A haƙo ta daga kududdufi, a jiƙa, a zuba ramno, wato busasshiyar ciyawa, da kashin doki, ka shiga da ƙafa kana cuɗawa har ƙafar ta tsattsage. Sai a rufe ta a bar ta ta kwana, a sake jiƙawa, a sake takawa. Baba ba ya duba ƙasa da ido. Ɗiba yake ya kai hanci. In bai ji warin da yake nema ba sai ya watsar ya ce, "Ɗanya ce, koma." Daga nan aka bar ni in mulmula tubali, daga tubali aka bar ni in riƙa jefa masa yana zaune kan bango ya ware ƙafafu. Jifar ma ilimi ce. In ka jefa da ƙarfi ka karya masa yatsa, in ka jefa da sanyi tubalin ya dawo kanka.

Kayan aikinmu ba su da yawa: sungumi, kwando, tulu, tsani, igiya, da gizago na sassaƙar azara. Sauran duk tafin hannu ne. Da shi ake yaɓe, da shi ake shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da jar ƙasa don ruwan sama ya zame. Masu ba da aiki kuwa iri ɗaya ne tun daga Dutsin-Ma har Kuki. In ka bar ƙasa ta kwana su ce lalaci ne. In ka ce a sayo azarar giginya namiji su sayo ta mace, su rantse maka namiji ce, ranar da gara ta cinye ta kuma sunanka za a kira. Tun ina saurayi na koyi cewa duk abin da mai gida ya kawo sai na juya shi na duba ƙasansa.

Aikin da ba ya wuce mu kowace kaka shi ne Soron Barau. Yana kan wani falalen dutse gefen hanya, tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, soro mai bene. Kakan kakan Alhaji Barau ya gina shi zamanin da mahara ke saukowa daga arewa. Kaurin bangonsa a ƙasa, jaki zai kwanta a kai ya yi birgima. Ba shi da taga sai 'yan kafofi matsattsu, daga ciki faɗi, daga waje kamar tsagar wuƙa, ta nan ake hango ƙura ta nan ake harbi. In an ga mahara, mata da hatsi su shiga ɗakin ƙasa, maza su hau sama. An ce akwai tukunyar azurfa binne a gindinsa. Ban gani ba, amma ba wanda ya tashi a wurin bai ji ba. Uban Baba Sallau ya yaɓe soron nan, Baba ya yaɓe shi, da gwiwoyinsa suka ƙi tsani aikin ya dawo hannuna. Ƙa'idarsa ɗaya ce. Bayan an cire amfanin gona ka bi bangon duka da tafin hannu, daga rawani har tushe. Inda ka ji sanyi ko laushi, ka kankare ka cika. Ka gyara indararo. Ka shafa makuba. Shi ke nan sai wata shekara.

Ana gab da ba mu mulkin kai wani kamfani ya zo aikin gadoji da kwalbatoci a hanyar. Suna neman masu jera dutse, na shiga. Mai kula da mu wani Bature ne ɗan ƙasar Italiya, gajere, mai gashi a hannu, ya daɗe a ƙasar nan har yana jin Hausa irin ta karya-karya. Leburori sun fara kiransa Ɗan Taliya, daga baya sunan da ya zauna masa shi ne Ƙwanƙwasa. Dalili, ba ya wuce bango bai buga shi da gaɓar yatsa ba, ya kara kunne. Ko bangon masallaci ne, ko na kanti. A wurinsa na fara riƙe cokalin gini, na san siminti, na san igiyar awo mai dalma a baki.

Kwalbatin farko da na yi masa, na jera dutsena tsaf, na toshe ko'ina. Ya zo ya duba ya ce in fasa ramuka a ƙasa, jere.

Na ce, "Masta, rami a bango?"

Ya ce, "Ruwa yana baya. Ruwa yana so fita. Ka ba shi ƙofa."

Na fasa, amma na ce wa helma, shugaban leburori, a gefe, mutumin nan rage siminti yake yi, ramukan nan buhu nawa ne in an tara. Helma ya ce shi ma ya daɗe da lura.

A aljihun rigarsa akwai wani kati mai hoto da ya sha hannu har gefensa ya yi laushi. Wata rana muna hutun azahar a inuwar gada ya fito da shi. Wani ƙaton gini ne na dutse a kan tsauni, da hasumiyoyi, saman bangon kamar haƙoran zarto. Ya ce a garinsu yake, sunan irinsa kastalo. Ya ba mu labarinsa, ni kuwa ga yadda na riƙe. Wani sarkin yaƙi ya gina shi don ya tsare hanyar fatake. Da ya mutu 'ya'yansa suka yi faɗa a kai, ƙani ya kori wa. Abokan gaba sun taɓa kewaye shi suka zauna suna jiran ƙishirwa ta fito da mutanen ciki, ba su san akwai rijiya a tsakar gidan ba, har suka gaji suka tafi. Da zamanin yaƙi ya wuce aka mai da shi kurkuku. Da aka gina sabon kurkuku, manoma suka riƙa zuba hatsi a ciki suna ɗaure awaki. Yanzu hukuma ta karɓe shi ta gyara, mutane na zuwa kallo.

Na ce, "Kallon me?"

Ya ce kallon ginin. Wai mota na tsayawa a gindin tsauni, a hau da ƙafa. A tsallake wata gada a kan rami, a tarar da mai gadi da tarin makullai, a yanki tikiti. Akwai matakala mai murɗewa wadda mutum ɗaya kawai ke iya bi, an murɗe ta ne ta yadda mai hawowa da takobi hannunsa na dama zai riƙa bugun bango. Akwai ɗakin da aka jera tsofaffin takubba da sulke. Kowa sai ya jefa tsakuwa a rijiyar ya tsaya yana sauraron lokacin da za ta taɓa ruwa. In ka kai sama sai ka ga gonakin inabi har iyakar gani. A ƙofar fita wata tsohuwa na sayar da irin katin nan.

Na ce, "Wa ke kwana ciki?"

"Ba kowa."

"To kufai ne ke nan."

Ya tambayi ma'anar kufai, aka gaya masa, ya yi dariya ya ce i, kufai ne.

Da ya tashi na ce wa jama'a, ku dai ku ji. Mutum ya bar aikinsa, ya hau dutse, ya ba da kuɗinsa, don ya kalli gidan da masu shi suka mutu. Akwai abin da suke nema a ciki, ba dai zai gaya mana ba ne.

Alhaji Barau a lokacin shi ne babban mai sayen gyaɗa a yankin, bai daɗe da dawowa daga Makka ba, ɗakin ƙasan soron nan ne ma'ajiyarsa. Yana yawan zuwa sansanin kamfani neman motar da za ta rage masa kaya. A can ya ga katin. Ya daɗe yana jujjuya shi. Washegari ya aiko a kira ni.

Ya ce, "Idi, ka ga gidan Baturen nan?"

"Na gani, Alhaji."

"Da me ya fi na kakana?"

"Dutse ne, Alhaji. Naka ƙasa ne."

"In an shafe shi da siminti, aka ja masa layi-layi, aka yi masa haƙora a sama, wa zai sani daga hanya?"

Na ce ba wanda zai sani. Ya ce to ya gaji da yaɓen shekara-shekara kamar mai jinyar tsohuwa, a yi masa sau ɗaya a huta. Siminti zai zo daga Kano. Ya ce, "Ko sai na ɗauko birkila daga birni?" Na ce ba sai an ɗauko ba. In faɗi gaskiya, sunan birkilan nan nake so. Magini ƙafarsa cikin kashin doki take, birkila kuwa takalmi yake sawa.

Ƙwanƙwasa ya ji labari, ran Lahadi ya tuƙo motarsa ya zo ganin soron. Rabin gari ya fito kallonsa. Ya kewaya yana bugawa yana kara kunne. Ya zura hannu cikin kafofin harbi. Ya hau sama ya leƙa indararo. Ya kankari makuba da farce ya zuba cikin kwalin ashana ya sa aljihu. Wannan kwalin ashanar shi ya gama ɓata shi a idon mutane. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ga shi nan, ya ɗebi ƙasar zai kai a duba masa."

Ya sauko ya ce wa Alhaji, "Wannan kastalo ne. Mai kyau. Kada siminti."

Alhaji ya ce, "Don me?"

"Ƙasa da siminti ba su aure. Ƙasa tana sha ruwa, tana fitar. Siminti ya rufe, ruwa ya shiga, ba ƙofa. Ka bar shi da rigarsa." Ya nuna ni. "Wannan ya iya. Kowace shekara, hannu."

Alhaji ya yi masa godiya, ya ba shi zabi biyu, ya raka shi mota. Motar na juyawa ya dube ni.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, mutumin da ke cin abinci da siminti ya ce maka kada ka sayi siminti. Ni ban taɓa jin mahauci ya kushe nama ba sai da dalili."

"Dalilin me?"

"Ko dai ba ya son na baƙar fata ya yi kama da nasu, ko kuwa abin da ke gindin soron yake so. In an rufe da siminti ya fi ƙarfin tono."

Alhaji ya ce na biyun ne, tun da ya ga yana buga bango ya gane.

Na biya Makera na gaya wa Baba Sallau, don kada ya ji a bakin wani. Yana zaune kan buzu, ido ya fara tafiya. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Idi, in ka rufe shi, ta ina za ka taɓa shi?"

"Ba ya buƙatar taɓi, Baba. Amfanin abin ke nan."

"Kafofin fa?"

"Alhaji ya ce a toshe, jemagu na ɓata masa gyaɗa."

Ya ce, "Ubana bai toshe ba, kuma jemagu ba yau suka zo duniya ba."

Na fito ina cewa a raina tsoho ne, yana ƙyashin a ce na yi abin da bai taɓa yi ba.

Aikin ya ci mana rani guda. Siminti ba ya kama bangon ƙasa haka nan, sai da dabara. Muka kankare makuba duka, wadda hannun mutum uku ya tara. Muka kakkafa ƙusoshi da fasassun tukwane a jikin bangon don simintin ya sami abin riƙewa. Na yi shafe biyu, na farko mai kauri, na biyu mai santsi. Tun yana ɗanye na ɗaura igiya na ja layuka da ƙusa, tsaye da kwance, kowane gida kamar sassaƙaƙƙen dutse. Katin Ƙwanƙwasa na cikin kaina. Na toshe kafofin harbi. Na cire dogayen indararon giginya, don Alhaji ya ce a hoton ba a ga itace yana leƙowa ba, na sa gajerun bututun kwano. Na rushe zankwaye na yi haƙora a kan rawani. Ranar da aka sauke tsani, motoci suka riƙa tsayawa. Direbobin kamfani ne suka fara cewa Kastalo, da wasa, sunan ya bi.

Shekara biyu ban zauna ba. Duk mai ɗan hali daga Kurfi zuwa Kuki so yake a shafe masa zaure irin na Alhaji Barau. Na sayi takalmi. Kaka ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban je soron da kwando ba. In na bi ta hanyar sai dai in ɗaga kai in duba layukana.

Bayan damina ta biyu kamfanin ya dawo gyaran wata gada da ruwa ya ci. Ina Kurfi a kan aiki aka ce Alhaji na nemana maza. Na tarar da motar Ƙwanƙwasa a gindin soron, shi yana tsaye jikin bangon gabas, Alhaji da mutane sun kewaye shi. Bai gaishe ni ba. Ya kama hannuna ya kai jikin bangon ya ce, "Buga."

Na buga.

Bangon ƙasa mai lafiya in ka buge shi ba ya amsa maka, kamar ka bugi buhun gero. Wannan ya amsa. Ƙara ya yi irin na ƙwaryar da aka kifa. Na matsa gaba na buga, haka. Na sunkuya na buga kusa da tushe, nan ma ya fi. Na ji, kuma na san abin da na ji. Ƙasar ta rabu da simintin, akwai fili a tsakani, kuma fili ba ya samuwa sai wani abu ya tafi.

Alhaji ya ce, "Idi, yaya?"

Mutane na kallona. A cikinsu akwai uku da na shafe wa zaure, da biyu da ke jiran in zo nasu.

Na ce, "Haka siminti ke ƙara, Alhaji."

Ƙwanƙwasa ya dube ni, ya juya wajen Alhaji. Ya ce, "Guduma. Rami ɗaya, nan ƙasa. Kamar hannu. Ka gani da ido. In bushe, ni na gyara."

Alhaji ya yi murmushi ya waiwayi jama'a. "Kun ji? Shekara biyu yana kewaye-kewaye, yau dai ya faɗa. Rami yake so a gindi."

Aka yi dariya. Gudumata na cikin jakar da ke kafaɗata. Bugu biyu ya isa. Ban fito da ita ba. Na ce wa kaina ai wataƙila Alhaji na da gaskiya, ai ba a san cikin Bature ba, ai in rani ya yi zan dawo ni kaɗai in duba. Rani ya yi, ina Kuki ina shafe wani zauren.

Damina ta uku aka yi marka, kwana da kwanaki ana yayyafi ba ɗaukewa. Ranar da rana ta fito, da hantsi, soron ya tafi. Wani makiyayi da ke kusa da shanunsa ya ce da farko tsaga ya gani ta sauko daga wajen bututun gabas, sai ƙasa ta fara kwararowa ta ƙasa kamar kunu, simintin na tsaye ba komai a bayansa, sannan ya karye. Allah ya sa ba lokacin gyaɗa ba ne, ba kowa ciki sai sikeli da buhunan wofi. Da na iso na sa hannu cikin abin da ya rage. Jiƙe yake sharaf har tsakiya, yana wari. Gara ta yi gari a ciki. Azarar da ta ga zamanin mahara, na murje ta da yatsa biyu. Ruwa ya daɗe yana shiga ta gefen gajerun bututuna, yana sauka tsakanin ƙasa da siminti, ba ƙofar fita. Ko kafofin harbin nan da na toshe, da suna nan da iska ta ratsa.

Kafin azahar mutane sun zo da fartanya da sungumi neman tukunya. Kwana uku suna tono har suka kai falalen dutsen. An sami tsohon dutsen niƙa, da 'yan kawunan kibau da suka yi tsatsa.

Alhaji Barau bai yi tono ba. Yana zaune a gefe kan buhu. Ya kira ni, ba da ƙarfi ba.

"Idi, ran nan da ka buga, ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce, "Na ji, Alhaji."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Simintin ni na saya, wannan nawa ne. Jin da ka yi kuwa naka ne. Ba zan kai ka gaban alƙali ba. Amma kada ka ƙara bi ta ƙofar gidana."

Ban ƙara ba har ya rasu.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekarata. Ba mai ba ni ko gyaran rumbu. Mai katangar da ta zube ya gwammace ya kewaye gidansa da zana. Da kaka na ɗauki guduma na bi duk zaurukan da na shafe, ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon a bar ni in ɓamɓare simintin in mayar da makuba, ba sai an ba ni komai ba. Wasu sun yarda. Wani a Kuki ya ce, "Wato ka shafa ka ci, yanzu ka kankare ka sake ci?" Ya sa aka raka ni bakin gari. Ban ga laifinsa ba, da ni ne shi abin da zan zata ke nan. Zaurensa ya faɗi bayan damina biyu. Daga nan na tafi Funtuwa na yi rani ina ɗaukar kwanon sarki a ƙarƙashin birkilolin da ban kai su rashin sani ba. Baba Sallau bai taɓa tayar mini da maganar ba. Da na je gaishe shi sai ya kama tafin hannuna ya shafa, ya ce ya yi laushi.

Kafin kamfani ya tashi na ga Ƙwanƙwasa sau ɗaya, a bakin kasuwar Dutsin-Ma. Na so in kauce, ya kira ni. Ya fito da katin nan ya nuna mini wani gefe inda bango ya yi giɓi. Ya ce da akwai hasumiya a nan. Wai yana saurayi, shi da ubansa aka ba aikin gyaranta, suka cike tsakanin duwatsun da siminti maimakon farar ƙasar da aka gina ta da ita, suka toshe ramukan ruwa don ta yi kyau. Bayan 'yan shekaru sanyi da ruwa suka fasa ta. Ya ce tun daga nan yake buga bango. Na tambaye shi kwalin ashanar fa. Ya ce so yake ya san abin da ke cikin makuba, don bai taɓa ganin shafen da ke korar ruwa ya bar bango ya sha iska irinta ba. Ya ba ni katin. Har yau ban sani ba ko labarin hasumiyar gaskiya ne, ko ya ƙaga shi ne don ya sanyaya mini. Giɓin dai yana cikin hoton.

Na koma ginin ƙasa, a hankali, daga rumbu zuwa ɗaki. Siminti ma ina aiki da shi, a kan dutse da bulo, inda ya dace. Mai son in shafa masa shi a bangon ƙasa sai in nuna masa hanyar Kurfi. Wasu su fasa, wasu su ɗauko ɗayanku.

Wurin kuwa yanzu tudu ne, ciyawa ta rufe shi, sai wani ɓallin siminti da ya fi mutum tsawo yana tsaye a gefen yamma. Fasinja na cewa a sauke su a Kastalo. Ma'aikata na zuwa da kekuna ran Lahadi, su hau, su ci rake, wani har da mai ɗaukar hoto. Mu ma mun sami kufan da ake zuwa kallo. Na taɓa tsayawa na ji wani mai farar riga yana yi wa abokansa bayani, wai wani Bature ɗan Italiya ne ya gina shi da dutse irin na garinsu don ya ɓoye zinariya, aljannu suka ture shi. Ba wanda ya ambaci kakan kakan Alhaji Barau, ko matan da suka ɓuya a ɗakin ƙasa, ko Baba Sallau da ubansa.

To Malam, ga tarihinka. In ka kai ɗalibanka, kada ka ce musu dutse ne. Ka ce su zagaya bayan ɓallin su ga ƙusoshin da ba su riƙe komai. Sannan su dawo gaba su duba layukan. Ni na ja su, kuma ko yau ka ɗora igiya ba za ka sami wanda ya karkace ba.